Ɗigon da ke kan taswira: amfanin bayanan wuri ga kamfanin inshora idan yanayi ya ɓaci

Wani ɗan'uwa da ya soma aiki a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora ya aiko da tambaya: "Kullum ana ce mana bayanan wuri za su sauya yadda muke aiki a lokacin ambaliya da guguwa. Me suke yi a zahiri, kuma daga ina ya kamata kamfani ya soma?"

Malam, ka yi tambayar da ta dace, musamman kashinta na biyu. Na daɗe ina aikin taswirar haɗari ga kamfanonin inshora, kuma abin da na fi gani shi ne shugabanni su yi ɗokin sayen hotunan tauraron ɗan adam alhali ba su san takamaiman inda gidajen da suka ɗauki nauyinsu suke ba. Saboda haka daga nan zan soma, ko da yake shi ne ɓangaren da ba ya burge kowa.

Aikin gaba ɗaya taswira biyu ne da ake ɗora ɗaya a kan ɗaya. Ta farko taku ce: kowane gida, shago, masana'anta ko rumbun ajiya da kuka yi wa inshora, da darajarsa, da irin gininsa, da abin da yarjejeniyarku ta ce za ku biya. Ta biyu ta bala'in ce: inda ruwa ya kwanta da zurfinsa, inda iska ta bi da ƙarfinta, inda ƙanƙara ta zuba da girmanta. Inda biyun suka haɗu, nan mutanenku suke cikin wahala. Taswira ta biyu wasu ne ke yin ta, hukumomin yanayi da masu taurari da kamfanonin da wannan ne sana'arsu, kuma kullum ƙara kyau take yi. Ta farko babu mai yi muku ita sai ku.

Kwamfuta ba ta san adireshi ba, lambobi biyu ta sani, latitud da longitud, waɗanda ke nuna wurin da abu yake a doron ƙasa. Mayar da adireshi zuwa waɗannan lambobin shi ne matakin farko, kuma a nan yawancin ɓarna take shigowa. Manhajar da ke wannan aiki idan ta gane gidan sai ta sa ɗigo a kan rufinsa. Idan ba ta gane shi ba, ba za ta tsaya ta ce maka ta kasa ba: sai ta sa ɗigon a tsakiyar titin, ko tsakiyar unguwar, ko tsakiyar shiyyar gidan waya, ko ma tsakiyar garin. Kai kuma ka buɗe taswira ka ga ɗigo ka ɗauka gida ne. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne. Ke nan idan an rubuta lambar da alƙaluma biyu kacal bayan ɗigon da ke cikinta, kuskurenka zai iya kaiwa kilomita guda. Da uku, mita ɗari da 'yan kai. Sai an kai biyar ake maganar mita ɗaya. Na sha ganin rumbun bayanai da wani ya gajarce lambobin don su shiga cikin layi su yi kyau a ido, bai san ya kwashe dubban gidaje ya kai su wani wuri ba.

Ga iska, kuskuren kilomita guda da sauƙi, domin mahaukaciyar guguwa faɗinta ya kai ɗaruruwan kilomita. Ga ruwa kuwa, mita hamsin ma ya isa ya rikita lissafi. Gida biyu a layi ɗaya, ɗaya a kan ɗan tudu ɗaya a kwari, ɗaya ruwa ya tsaya a bakin ƙofa, ɗaya ya kai taga. Shi ya sa a harkar ambaliya tsayin ƙasa da tsayin daɓen gidan daga ƙasa suke da nauyi kamar wurin da gidan yake.

Wani abu ya taɓa faruwa da ni da har yau nake jin nauyinsa. An yi ambaliya, muka fitar da jerin abokan hulɗar da ruwa ya shafa cikin 'yan sa'o'i, muka shiga kiransu, muna ganin mun yi abin kirki. Bayan kwana huɗu wani ɗan kasuwa ya kira da kansa, murya na rawa, ya ce rumbunansa biyu suna cikin ruwa tun daren farko. Sunansa bai fito a jerinmu ba sam. Da muka bincika, ashe duk kadarorinsa an rubuta su da adireshin babban ofishinsa, wanda ke kan tudu a wani gefen gari, domin can ake aika masa takardu. Da mun isa gare shi a rana ta farko, da an ceto wani kaso na kayan kafin danshi ya gama da su. Tauraron ɗan adam bai yi kuskure ba, rada, wato na'urar da ke hango abu da sigina, ba ta yi ba. Fom ne da aka cika shekaru kafin nan, aka haɗa adireshin wasiƙa da adireshin kadara a gurbi ɗaya.

Irin wannan ta faru a babban mataki a Tailan a 2011. Ambaliya ta mamaye manyan yankunan masana'antu a arewa da Bankok, wajen Ayutthaya da Pathum Thani, inda ake ƙera kayan motoci da wani babban kaso na faifan ajiyar bayanan kwamfuta na duniya. Kamfanonin inshora a Japan da Turai suka wayi gari da asarar biliyoyin daloli, wasunsu ba su taɓa sanin cewa kadarori masu yawa haka da suka ɗauki nauyinsu suna cunkushe a kwarin kogi ɗaya ba. Har da masana'antun da ke wasu ƙasashe, waɗanda ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba, suka nemi diyyar tsayawar aiki saboda mai kawo musu kaya yana ƙarƙashin ruwa. Tun daga lokacin masu lura suke tambayar abokin hulɗa ba inda yake kaɗai ba, har da inda waɗanda ya dogara da su suke.

Asalin wannan sana'a tamu guguwar Andrew ce, wadda ta afka wa kudancin Fulorida a Amurka ranar 24 ga Agusta 1992. Kafin ita, kamfanoni suna ƙiyasta haɗari ne da abin da suka biya a shekarun baya, shekarun kuma sun zo da sauƙi. Wata mata, Karen Clark, ta kafa kamfanin AIR a 1987 don kwaikwayon guguwa a kwamfuta: a ƙirƙiri dubban guguwoyin da za su iya faruwa, a bi da su ta kan taswirar gine-gine, a ga abin da kowacce za ta ci. Jim kaɗan bayan Andrew ta sauka, ta sanar da abokan hulɗarta cewa asarar da inshora za ta biya tana iya wuce dala biliyan 13. Da yawa ba su yarda ba. A ƙarshe ta kai kusan biliyan 15.5, kamfanoni da dama suka durƙushe. Daga nan kowa ya gane cewa sanin yawan abin da ka tara a wuri ɗaya batun rayuwa da mutuwa ne ga kamfani.

To, a ce taswirarku ta gyaru. Me za ku yi da ita idan hadari ya haɗo?

Guguwar teku tana ba da kwanaki. Cibiyar lura da guguwa ta Amurka tana fitar da hasashen hanyarta har na kwana biyar, da wani zane mai faɗaɗa kamar bakin ƙaho. Ka kiyaye da zanen nan, domin mutane da yawa suna karanta shi ba daidai ba. Ba girman guguwar yake nunawa ba, inda tsakiyarta za ta iya bi yake nunawa, kuma an gina shi ne a kan cewa kusan sau biyu cikin uku tsakiyar za ta tsaya a cikinsa. Iska da ruwan sama da tunkuɗowar teku suna kaiwa nesa da gefensa. Wanda ya ƙirga gidajen cikin zanen kawai ya ce su ne ke cikin haɗari, ya yaudari kansa. Abin da ake yi shi ne a ɗauki hanyoyi da yawa da guguwar za ta iya bi, a lissafa kowacce, a samu mafi sauƙi da mafi muni. Da wannan ake sanin masu tantance asara nawa za a tara, a wane gari da ke wajen haɗarin za a ajiye su, layukan waya nawa za a ƙara, da abin da za a faɗa wa manyan kamfanonin da ke yi wa kamfanin inshora inshora. A lokacin ne kuma ake dakatar da karɓar sabbin yarjejeniyoyi a yankin har guguwa ta wuce.

Abin da na fi so a wannan mataki shi ne saƙon waya. Idan kun san gidan mutum yana kwarin da ruwa zai bi, ku gaya masa ya ɗaga kayan lantarki da takardunsa, ya kai motarsa tudu, ya ɗauki hoton ɗakunansa kafin ruwa ya zo. Ga ƙanƙara, gargaɗin rabin sa'a ya isa mutum ya shigar da mota ƙarƙashin rufi. Amma a aika wa wanda abin ya shafa kawai. Idan kuka aika wa gari guda sau uku ba abin da ya faru, na huɗun ba mai karantawa, kuma wataƙila shi ne na gaske.

Bayan bala'i ya wuce, matsalar ita ce gani. Hanyoyi sun yanke, gajimare ya rufe sama, kyamarar tauraro ta yau da kullum ba ta ganin komai. A nan taurari masu rada suke aiki. Suna harba siginar da ke ratsa gajimare dare da rana, kuma da yake ruwan da ya kwanta sumul yake, sai ya karkatar da siginar gefe, ya fito baƙi a hoton. Sentinel-1 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2014, hotunansa kyauta ne ga kowa, sai dai yakan ɗauki kwanaki kafin ya sake bi ta wuri ɗaya, ambaliyar kwana ɗaya kuwa ba ta jira. Kamfanoni irin su ICEYE na ƙasar Finlan suna da ƙananan taurari masu yawa da ke dawowa da sauri, suna sayar da taswirar faɗin ruwa da zurfinsa. Raunin rada shi ne cikin gari mai cunkoson gine-gine da ƙarƙashin itatuwa, inda siginar ke ta karo da bango. Wato inda gidaje suka fi yawa, nan ta fi ruɗewa. Sai an haɗa da ma'aunin koguna, da taswirar tsayin ƙasa, da hotunan da mutane suka ɗauka da wayoyinsu.

Ga ɓarnar iska, hoton jirgin sama da na jirgi maras matuƙi sun fi amfani, a ɗora na bayan guguwa a kan na gabaninta a ga rufin da ya yaye. Amurka ta sassauta dokar amfani da jirage marasa matuƙa don kasuwanci a 2016, kuma a guguwar Harvey ta 2017 kamfanonin inshora suka yi amfani da su sosai wajen duba rufi, aikin da a da sai mutum ya hau tsani. Ƙanƙara kuma tashoshin radar yanayi ne ke bin sawunta. Amurka tana da kusan 160, kuma daga bayanansu ake ƙiyasta girman ƙanƙarar da ta zuba a kowane yanki.

Amfanin duk wannan shi ne sanin wa za a fara zuwa wurinsa. Gidan da hoto ya nuna ya rushe ƙurmus, ko ruwa ya kai mita biyu a cikinsa, bai kamata a jira mai shi ya cika fom ba. A kira shi, a tura masa wani kaso na kuɗi nan take ya samu wurin kwana. Mai ƙaramar ɓarna ya aiko da hoto ta waya a sallame shi. Ƙwararrun masu tantancewa, waɗanda kullum ba sa isa, a tura su inda abin yake da sarƙaƙiya. A tsohon tsari wanda ya fara kira shi ake fara saurara, wanda ya fi shan wahala kuwa sau da yawa shi ne wanda wayarsa ta tafi da ruwa.

Akwai kuma shari'a. Bayan guguwar Katrina a 2005, an shafe shekaru ana jayayya a kotunan Amurka kan ko iska ce ta rushe gida ko ruwa, domin inshorar gida ta yau da kullum a can tana biyan ɓarnar iska amma ba ta biyan ta ambaliya, wadda shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968 yake ɗauka. A gaɓar Misisipi wasu gidajen ba abin da ya rage sai daɓe. Sanin lokacin da iska mai ƙarfi ta iso wani wuri da lokacin da teku ta tunkuɗo, sa'a bayan sa'a, shi ne hujjar da ɓangarorin biyu suka nema.

Yanzu ga gargaɗina, kuma ina so ka riƙe shi da kyau tunda a sashen diyya kake. Taswira ƙiyasi ce. A Harvey, wasu wurare a kudu maso gabashin Teksas sun samu ruwan sama da ya wuce milimita 1,500 cikin 'yan kwanaki, kuma fiye da rabin gidajen da ruwa ya shiga a gundumar da birnin Hiyuston yake suna wajen yankin da taswirar gwamnati ta ware a matsayin na "ambaliyar shekara ɗari". Wannan suna ma yana ruɗar mutane. Ma'anarsa yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara, wanda a shekara talatin ya kai kusan kashi 26. Sannan taswirar tsayin ƙasa ta kyauta da aka fi amfani da ita a duniya, wadda kumbon Amurka ya auna a 2000, kowane murabba'inta mita 30 ne, kuma takan auna saman itatuwa da rufin gine-gine a maimakon ƙasa, kuskurenta ya kai mitoci. Awon tsayin ƙasa da hasken leza daga jirgin sama ya fi ta nesa ba kusa ba, amma ba ko'ina aka yi shi ba. Saboda haka idan mutum ya ce ruwa ya shiga gidansa, taswirarka ta ce bai shiga ba, ka tura a duba. Magudana na iya toshewa, ruwa na iya ɓullowa ta ƙasa, rada na iya wucewa bayan ruwan ya janye. A yi amfani da taswira a gaggauta biya. Kada a taɓa hana mutum haƙƙinsa da ita kaɗai. Eh, tana taimakawa wajen gano mai neman diyyar ƙanƙara a inda ƙanƙara ba ta zuba ba, amma ko a nan, dalilin bincike ta ba ka, hukunci sai an je an gani.

Akwai nau'in inshorar da ma'aunin kansa shi ne yarjejeniyar: idan iska ta kai ƙarfi kaza a wuri kaza, ko ruwan sama ya gaza kaza, a biya ba tare da tantance asara ba. Ƙasashen Karebiyan sun kafa asusun CCRIF a 2007 a kan wannan tsari, yana biya cikin kwana 14. Tarayyar Afirka ta kafa nata, ARC, a 2012, wanda ya soma da fari. Saurin abin yabo ne. Matsalar ita ce ranar da ma'auni da gaskiya suka raba hanya. A Malawi, bayan farin 2015 zuwa 2016, lissafin ARC ya fara nuna ba a kai matakin biya ba alhali miliyoyin mutane suna buƙatar agaji. Da aka bincika, an gina lissafin a kan masara mai daɗewa a gona, manoma kuwa sun koma iri mai saurin nuna, wanda yankewar ruwan ta same shi a lokaci mafi muni. Aka gyara, aka biya dala miliyan 8.1, amma bayan watanni. Jamaika ma ta ga fuska biyun: guguwar Beryl ta yi ɓarna a kudancinta a 2024 ba tare da ta kai ma'aunin takardar lamunin bala'in da Bankin Duniya ya shirya mata ba, sannan Melissa ta zo a Oktoban 2025 aka biya dala miliyan 150 da ke cikin takardar gaba ɗaya. Duk wanda zai sayar da irin wannan inshora wajibi ne ya fahimtar da mai saye cewa zai iya yin asara bai samu komai ba.

Za ka iya cewa, to inda babu lambar gida ko sunan titi fa? A nan ma abin ya fi sauƙi yanzu fiye da da. Wayar da ke hannun wakilinku tana ba da wuri da kuskuren 'yan mitoci idan yana fili. Ya tsaya a ƙofar ginin ranar da ake ƙulla yarjejeniya, ya ɗauki lambobin, ya ɗauki hoton gaban ginin da matakalar shiga. Google ta fitar da zanen sawun gine-ginen Afirka sama da miliyan 500 a 2021 kyauta, ga kuma OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, don haka za a iya tabbatar da cewa ɗigon ya sauka a kan gini ba a fili ba.

Abu biyu suna damuna game da inda sana'ar ta dosa. Na farko sirrin mutane. Wurin da gini yake bayani ne da kamfani ke buƙata. Wurin da mutum yake a kowace sa'a, ta wayarsa ko motarsa, wani abu ne dabam, kuma dokoki irin na Tarayyar Turai da suka soma aiki a 2018 suna ɗaukarsa bayanin sirri. A nemi izini a fili, a karɓi abin da ake buƙata kawai, a goge idan an gama. Na biyu ya fi nauyi. Idan taswira ta iya bambance gida da gida, sai kamfani ya ga ya fi masa sauƙi ya tsawwala kuɗi ga na kwari ko ya guje shi baki ɗaya, alhali sau da yawa talauci ne ya zaunar da shi a kwarin. Inshora kuwa tushenta jama'a su haɗu su ɗauki nauyin wanda abin ya faɗa wa. Birtaniya ta ga wannan, ta kafa Flood Re a 2016, inda duk kamfanonin inshorar gidaje ke zuba kuɗi don gidajen da ke bakin ruwa su ci gaba da samun inshora, amma ta cire waɗanda aka gina daga 2009 don kada a ƙarfafa gini a hanyar ruwa. Ni a ganina, kamfanin da ya san gidan mutum yana cikin haɗari ya kamata ya fara gaya masa, ya nuna masa abin da zai gyara, ya rage masa kuɗi idan ya gyara.

Game da inda za ku soma: ka nemi a ba ka jerin kadarorinku duka, da gurbin da ke nuna yadda aka samu kowane ɗigo, ko na rufi ne, ko na titi, ko na tsakiyar gari. Ka ƙirga kashi nawa ne na rufi. Ka nemo wuraren da ɗaruruwan yarjejeniyoyi suka taru a ɗigo ɗaya, domin kusan kullum tsakiyar gari ne ko babban ofishin wani. Ka ware kadarori mafi tsada da waɗanda ke kusa da kogi ko teku, a tabbatar da su da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ku ɗauki wata ambaliya da ta riga ta wuce, ku ɗora taswirarta a kan taku, ku gwada jerin da ta fitar da sunayen waɗanda kuka biya a wancan lokacin. Duk sunan da kuka biya amma bai fito a jerin ba, ku bi shi ku gano dalilin, tun kafin damina ta gaba.